Rabin Inci

Ranar Talata ta tsaya mini cak
tsakanin kabarin Hulda Brandt da itacen da tsawa ta tsaga.
Inji na ruri, wuƙaƙe na juyawa,
taya kuwa ko motsi.
Na taka, na sake takawa,
sai ƙaurin roba ya taso ta ƙarƙashin kujera.

Shekara tara ke nan ina yi wa matattun garin nan aski,
eka shida a kan wani tudu na Nebraska.
Litinin mai zuwa dangi za su cika wurin,
daga Omaha, daga Lincoln, da furanni a kwalabe,
su tarar da sunayen kakanninsu
sun nutse cikin ciyawa har ƙwauri.

Na kwanta rigingine, na zaro shi.
Baƙi, ya tsattsage kamar diddigen manomi,
gefe ɗaya ya yi santsi, zare ya fito.
Na naɗe shi a hannu kamar mushen maciji
na kai wa Lavonne Dvorak a kantinta.

Ba ta ko taɓa shi ba.
Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce,
"Wendell, na wuƙa ne ko na tafiya?"
Na ce na tafiya, mai haɗa inji da giyar baya.
Na ce ki auna wannan, ki ba ni ɗan'uwansa.
Ta ce, "Tsohon bel maƙaryaci ne.
Wahala ta ja shi, ya manta tsawon da aka haife shi da shi.
Ina lambar motar?"
Tsatsa ta cinye, na ce.

Uku ta sauko da su daga ƙusa.
Na dala goma sha ɗaya, roba tsirara.
Na ashirin da takwas, an sa masa rigar yadi,
shi ne mai jure wa kuloci, ba ya fizga.
Araha dai ba ta ado, wannan na sani tun ina yaro.
Tsawon ne ya tsaya mini a wuya:
casa'in da biyar,
ko casa'in da biyar da rabi.

"In ya gaza," in ji ta, "ko ka taka birki
za ta riƙa rarrafe da kai har kan dutsen wani.
In ya zarce, a hawan tudu zai zame,
ka zauna kana shaƙar kuɗinka."

Rabin inci.
Bai kai faɗin farcen babban yatsana ba.

Na koma ban saya ba.
Na zagaya igiya a kwarin fuli, ta ce biyar.
Na sake zagayawa, ta ce shida saura kaɗan.
Igiya ma da tata ƙaryar.
Na zauna a kan bokiti a ɗakin ajiyar kaya,
rana na shigowa ta tsagar katako,
sai ga shi a bango, bayan gwangwanin giris,
rubutun fensir, ya karkace:
rabi a faɗi, casa'in da biyar da rabi,
kada ka sayi mai araha.
Alvin Pospisil,
wanda ya riƙe makullin nan kafin ni,
wanda bai taɓa gaya mini abu sau biyu ba.

Alhamis da hantsi na ɗaura sabon.
Ya ci mini fatar yatsu biyu kafin ya zauna.
Na saki kuloci a hankali,
ta ɗauka, ta hau tudun ba tari.

Alvin yana layi na uku, kusa da famfo.
Da na iso kansa na kashe wuƙa,
na sauka,
na yi masa nasa askin da almakashi.